Golan da Ya Ƙi Amsa Sunan Aro

Wata biyar ke nan da rasuwar Kawu, kuma wannan shi ne littafin rubutu na uku da na saya dominsa. Na farko na yi shafi biyu na yage, don na ga kamar ina cin naman mamaci, kuma mamatan biyu ne. Na biyu ban ko buɗe shi ba. Ni ba mai ilimi ba ce. A aji shida na tsaya, aikina wankin tukwane a gidan cin abincin ɗalibai a Bron, gefen Liyon ta Faransa, kuma waɗanda maganar ta shafa suna da takardun da ban iya ko faɗin sunayensu daidai ba. Na tambayi limaminmu ko abin da zan yi giba ce. Ya ce in haƙƙin wani zan fitar ba giba ba ce, amma in kiyaye harshena. Juma'ar da ta zagayo na sake tambayarsa, ko bai ji tambayar da kyau ba. Ya ce, "Hajiya, amsar ba ta canza ba cikin kwana bakwai."

To, ga ni na zauna. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da Kawu ya faɗa mini zan ce shi ya faɗa.

Abin da ya tilasta mini shi ne wani tsohon hoto na 'yan ƙwallon kolej ɗin yankinmu, na shekarun gab da samun mulkin kai. Ƙungiyar 'yan ƙasarmu mazauna Paris za ta buga shi cikin littafin tarihi bayan babbar Salla. Golan da ke durƙushe a gaba rungume da ƙwallo Kawu ne. Sunan da ke ƙarƙashinsa na wani ne. In aka buga haka, shi ke nan, Kawu ya zama tsohon da ya shekara sittin yana shara ƙarya a Liyon.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na Guillotière, saman shagon mai kayan miya, aka kai shi makwancinsa a Bron. A gidana aka yi zaman makoki, don bai bar mata ba, bai bar ɗa ba.

Mahaucin unguwa, mutumin Chadi, ya zauna bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Kuka yake yana cewa, "Shekara talatin yana ce ma namana ƙashi, kuma bai taɓa saye wurin kowa ba." Ɗaliban Najeriya da ke ƙwallon Lahadi a Villeurbanne suka zo su takwas, Musulminsu da Kiristansu, da rigunan wasa ƙarƙashin rigunan sanyi. Wani dogo ɗan Jos ya durƙusa gabana ya ce, "Mama, yanzu wa zai riƙa zaginmu?" Wani tsohon Alhaji ɗan Tawa, wanda suka yi aikin luzin, wato masana'anta, tare da Kawu, ya shafa addu'a ya ce, "Allah ya ji ƙan Gola. Yau dai an bugo mai wadda bai iya kamawa ba." Aka yi dariya.

Da la'asar Likita ya iso daga Paris. Ɗan marigayi mai garin ƙauyenmu ne, kuma shi ke shugabantar ƙungiyar da na ambata. Zan faɗi alherinsa: ya bar aikinsa ya hau jirgin ƙasa, ya tuɓe takalmi ya zauna ƙasa da kowa, ya yi mini gaisuwa mai tsawo. Ɗan Jos ɗin ne ya tambaye shi, tunda garinsu ɗaya da Kawu, ko gaskiya ne Koci, kamar yadda suke kiran Kawun, ya taɓa cin kofi.

Likita ya yi murmushi. "Tonton akwai daɗin labari," in ji shi, yana nufin Kawu. "Ya zauna da 'yan wasan, ina jin shi ke ɗinke musu ƙwallo, ai gidansu dukawa ne. Amma golan mahaifina ne. Allah ya ji ƙansu duka."

Ina tsaye da faifan shayi a hannu. Yaran suka dubi juna, ɗaya ya ce a hankali, "Ashe." Na zuba wa Likita shayi, har na tambaye shi ko sukari ya isa. Kawu bai kwana uku a ƙasa ba aka mai da shi maƙaryaci a cikin ɗakina, ni kuwa ina tambayar sukari.

Bari in faɗi irin mutumin da yake. Dogo ne, siriri, hannuwansa kamar faifai. Abu ba ya faɗuwa kusa da shi. Kofi, cokali, tumatir da ya gangaro daga teburin kasuwa, sai dai ka ga hannu ya fito. Yana da shekara tamanin ya cafke wayar wata Balarabiya a cikin tiram kafin ta taɓa ƙasa, ya miƙa mata bai ko dube ta ba. Duk sanyin Liyon bai taɓa sa safar hannu ba. Man kaɗanya yake shafawa, ya ce hannun da aka lulluɓe makaho ne.

Kowace Lahadi sai ya hau tiram ya tafi filin ɗalibai. Ba wanda ya gayyace shi. Bayan raga yake tsayawa, yana dogare da sanda, yana horon duk golan da Allah ya kawo, ko nasu ko na abokan karawa.

"Kai, mai jan wando! Ƙafa kake kallo? Ƙafa maƙaryaciya ce, ƙugu za ka duba!"

"Koci, shi fa ba namu ba ne."

"Ina ruwana? Gola duk ɗan'uwana ne. Ku masu gudu kamar awakin da suka ga ruwa, ku ji da kanku."

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a kansa. Duk inda aka kira sunansa ba daidai ba, ko asibiti ko ofis, ba zai motsa ba sai an gyara. Na taɓa raka shi ganin likitan ido. Yarinyar ta kira wani abu mai kama da sunansa har sau uku, ina zungurinsa, ya naɗe hannu yana kallon bango. Sai da ta zo ta sunkuya, ya koya mata, ta maimaita, sannan ya miƙe ya ce, "Yauwa, mersi, ɗiyata." A lokacin na riga na san dalili, amma duk da haka kunya ta kusa kashe ni.

Dalilin na ji shi ne ranar da muka yi faɗa, faɗa ɗaya tak a zamanmu. Shekarata ta farko ke nan a Faransa, takardun zamana ba su fito ba, zama ya ishe ni. Wata 'yar garinmu ta ce in karɓi katinta in yi aikin sharar otel da sunanta, ai kowa haka yake yi kafin nasa ya fito. Na zo da murna na gaya wa Kawu. Yana cin tuwo. Ya tsame hannu, ya ture kwanon.

"In kika amsa sunan wata ko sau guda, kada ki ƙara taka ɗakin nan."

Na ce, "Kawu, suna ne fa kawai, a takarda."

"A takarda!" Ya buga tebur har ruwa ya zube. "Ke mi kika sani kan takarda?"

Na yi kuka, na ce shi ya ƙoshi ne shi ya sa. Wannan maganar har yau in na tuna sai na yi istigifari. Ya wanke hannu, ya ce in zauna. Daga azahar har la'asar yana magana, kuma ga abin da ya faɗa.

Yana ɗan shekara bakwai ko takwas kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko ƙauyenmu cewa mai gari ya ba da ɗansa a sa shi lakwal, wato makarantar boko. A wancan zamani mutane sun ɗauka yaron da ya shiga boko ya tafi ke nan. Masu gari da yawa sai su duba cikin yaran barorin gidansu, su ɗauki ɗaya, su ce ga ɗana. Kakana baduku ne, shi ke wa gidan mai gari sirdi da takalma da layu, a inuwarsu yake ci. Aka kira shi zaure aka ce ana son ɗansa na fari. Bai da bakin cewa a'a. Aka sa wa Kawu riga sabuwa, aka koya masa sunan ɗan mai gari da sunan uban, aka ce duk wanda ya tambaya haka za ka ce, in ka kuskure ubanka za a ɗaure. Da sunan aka rubuta shi. Da shi ya ci jarrabawa, da shi ya shiga kolej a babban gari. Mai sunan na ainihi yana ƙauye yana kiwon dokin ubansa.

Kawu ya ce a kolej har ya fara mantawa. Suna ne ake kira, shi ke amsawa, shi ke shan bulala, shi ke cin lambar yabo. A shekararsa ta ƙarshe wani Bafaranshe malamin lissafi, wanda suke ce wa mushe, ya haɗa su goma sha ɗaya ya shigar da su gasar yankin. Ya ce an yi musu dariya, wai 'yan makaranta za su kara da sojoji da ma'aikatan ofis masu gemu.

Wasan farko mushe ya samo musu takalman zane. Suka yi ta zamewa, aka zura musu biyu. Da aka je hutu kyaftin ɗinsu ya zauna ya kwance nasa ya jefar, sauran suka bi, mushe yana ihu. Da ƙafa suka koma suka rama. Daga ranar ba su ƙara sa takalmi ba. Zuwa Maraɗi a kan buhunan gyaɗa suka tafi, motar ta mutu a hanya, suka tura ta, suka shiga fili ba abin da ke cikinsu sai ƙuli-ƙuli da ruwan rijiya. Sojoji su kaɗai suka taɓa doke su, da takalmansu masu ƙusa, kuma a wasan wani kofur ya taka masa hannu da gangan. Ya ɗaure yatsu biyu da tsirkiyar fata ya gama wasan. Da aka sake haɗuwa, kofur ɗin ya zo da gudu, Kawu ya ɗauke ƙwallon daga kan ƙafarsa ya ce masa, "Sannu da zuwa, samja, ka makara."

Ƙwallonsu guda ɗaya ce, ta fata mai igiya, kuma a nan Likita ya faɗi rabin gaskiya: Kawu ne ke ɗinke ta. Da basillar ubansa ya tafi makaranta. Kowace Alhamis sai ya zauna ya toshe inda ta yage, har ta yi faci ta yi ciki gefe guda. Saboda haka ya san halinta kamar yadda uwa ta san ɗanta. In aka doke ta da ƙarfi, wajen facin take karkata.

A wasan ƙarshe da 'yan kolej ɗin yamma, al'adar ita ce rabin farko da ƙwallon baƙi, rabi na biyu da ta masu gida. Ta baƙi sabuwa ce fil, Kawu ya ce ya sha wuya da ita. Gab da tashi, namu suna gaba da ɗaya, alƙali ya ba baƙi bugun daga kai sai gola. Mai bugun ya ajiye ƙwallo, facin yana hagu. Ƙugunsa ya nuna dama. Kawu ya ce ranar ce kaɗai ya ƙi yarda da ƙugu, ya tsaya tsakiya bai motsa ba, ƙwallo ta tashi dama ta lanƙwaso ta faɗo masa a ƙirji.

Ni da damuwata sai na ce, "Kawu, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ha'inci? Su ma sun kawo tasu, wa ya hana su ɗinke ta? Ilimi ne, ke."

Fili ya ruɗe. Masu kalangu suka shigo suna kiɗa, maroƙi yana kirari. Da wane suna? Da sunan ɗan mai gari, jikan wane, tattaɓa kunnen wane, yana jero kakannin da ba na Kawu ba. Kawu bai san ubansa yana wurin ba. Kakana ya ji labarin wasan a kasuwa, ya yi kwana biyu bisa jaki ya zo. Ya kutsa cikin mutane har gaban ɗansa. Amma wakilin mai gari yana tsaye nan kusa, ga kuma Nasara. Sai kakana ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa cikin ƙurar fili gaban ɗan da ya haifa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan mai gari. Sannu da aiki."

Da Kawu ya kawo nan ya tashi ya buɗe taga, ko da yake sanyi ake yi. Ya daɗe tsaye.

Aka jera su. Kumandan yana riƙe da takarda, yana kiran suna, yaro ya fito ya ba shi hannu. Ya kira sunan gola. Ba wanda ya fito. Ya sake kira. Mushe ya yi masa alama da ido. A na uku Kawu ya yi taku ɗaya, ya ce da Faransanci, ya maimaita da Hausa don kowa ya ji: "Wannan ba sunana ba ne. Ni Isuhu ne, ɗan Barmo baduku. Ga ubana can."

Allah ya gafarta mini, ban taɓa kiran sunan Kawu ko na kakana da bakina ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Hannuna ne ya rubuta, kuma ba zan goge ba.

Mako bai cika ba aka kore shi, saura 'yan watanni ya yi jarrabawar fita. An ce ya shiga makaranta da takardar ƙarya, kamar shi ya ƙirƙiro ta yana ɗan shekara bakwai. Aka kira mai gari aka tsai da shi a rana gaban ofis. Da ya koma ƙauye ya janye aikin gidansa daga hannun kakana. Kakana ya ce wa Kawu, "Ka kama ƙwallo, ka saki tuwonmu," kuma ya shekara biyu bai yi masa magana ba. Kawu ya bar ƙasa. Ya yi dako a bakin teku, ya yi aikin jirgin ruwa, ya ƙare a luzin ɗin ƙarfe a nan Liyon, mutumin da ke gyara wa shugabanninsa Faransancin wasiƙa amma ba shi da takardar ko aji ɗaya. A rajistar kolej kuwa ba wanda ya damu ya gyara komai.

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi nadamar abin da ya samu Baba. Ban yi nadamar abin da na hwaɗa ba. Ki riƙe su duka biyu, kada ki zubar da ɗaya." Na rubuta wannan don kada a ce na ɓoye cewa abin da ya yi ya cuci wasu. Ya cuce su. Mahaifiyata ta tashi cikin yunwar da ta biyo baya.

Washegarin faɗan namu ya zo gidana da lema, ya ce in ɗauko takarduna. Wata bakwai yana raka ni ofishin baƙi, shi ke cika fom, shi ke gardama, shi ke sa su sake buga sunana in sun ci harafi ɗaya. Katin ya fito da sunana. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "To, yanzu ki je ki wanke tukwanen duniya, naki ne."

Shekara biyu kafin rasuwarsa hoton ya fara yawo a wayoyin 'yan ƙasarmu. Na kai masa. Ya sa tabarau ya haɗa da gilashin ƙara girma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran laƙabinsu kamar suna ɗakin. Da ya zo kan rubutun ƙasa sai ya miƙo mini wayar. Na ce mu je Paris mu yi magana da Likita.

"Na hwaɗa sau ɗaya gaban kumandan," in ji shi. "Ba zan je in roƙi yaron da aka haifa bayan na bar gida ya yarda ni ne ni ba. Wanda bai ji ba, kunnensa."

Shi ya iya wannan. Ni ban iya ba. Bayan sadakar arba'in na ji maganar littafin, na ɗauki hutun kwana ɗaya, na yi dambun nama na tsaraba, na hau jirgin safe zuwa Paris. Sau biyu na ɓata a metiro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Likita ya karɓe ni a falonsa, hoton yana rataye a bango cikin gilashi, babba. Muka gaisa, muka ƙara gaisawa, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya don tsoron abin da ya kawo ni. Da na fara, ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ya saurara. Ya ce, "Ƙanwata, bon, ina girmama Tonton. Amma ga rajista, ga suna. Hoton nan na taso na gan shi a zauren mahaifina."

Na matsa na duba, ko tsagar fuska za ta raba mu, don askar gidansu daban da tamu. Hoton hoton wani hoto ne, ga hula ta yi wa golan inuwa. Ba a ganin komai.

Na ce, "Likita, marigayi ya taɓa ce maka da bakinsa ya yi ƙwallo?"

Ya ce, "Bai taɓa cewa ya yi ba. Bai kuma ce bai yi ba. Mutum ne mai kawaici."

Na riƙe jakata da hannu biyu. Na ce, "Ka yi haƙuri da abin da zan tambaya. In takarda ta zo daga ofis, shi ke karantawa?"

"Yana da magatakarda. Mai gari ne."

"Wasiƙun da kake aika masa daga nan fa?"

Ya ajiye kofinsa. Matarsa, wadda ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Ikon Allah. Yau dukawa sun zo Paris ɗinke tarihi."

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, "Hajiya, ai abin da ya yage ake kawo mana."

Likita ya ɗaga mata hannu. Fuskarsa ta canza, kuma wallahi na ji tausayinsa, don shi ma ubansa ne, kuma ba shi ya yi musanyar ba, ba ma uban nasa ba. Ya ce, "Kin san abin da kike so in yi? In tsaya gaban mutane in ce mahaifina bai taɓa shiga aji ba, kakana kuma ya yi wa hukuma ƙarya da ɗan wani. A kan maganar mutum ɗaya da ya rasu, daga bakin 'yar ƙanwarsa." Ya tashi ya tsaya gaban hoton. "Kawo mini shaida ɗaya wanda ba jininku ba. Ɗaya. In kin kawo kafin a kai littafin maɗaba'a, da hannuna zan canza rubutun. In ba ki kawo ba, kada ki ƙara tayar da maganar."

Na ce na yarda da na farko, ban yarda da na biyu ba. Ya raka ni har bakin metiro, kuma ya karɓi dambun.

Kafin in iso Liyon labari ya kai gida. Mahaifiyata ta sa aka kira mata ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Ke, ɗiyar nan, mi kike nema? Ke kina can cikin ƙanƙara, mu muna nan katanga ɗaya da gidan mai gari. Wa zai zo mana suna, wa zai zo mana jana'iza?"

"Inna, ke kin san gaskiya."

"Na sani mana! Ni aka bari da kuka ranar da ya tahi. Amma ni ƙanwa tai ce, shaidata ba ta ci. Ki bar mamata su kwanta."

Na ce ba zan iya ba. Na ji tana numfashi, na ji kaji a tsakar gida. Na ɗauka ta ajiye wayar. Can ta ce, "To, in kin ƙi ji, ki rubuta har da sana'ar Baba. Kada ki ɓoye. Babu mai sirdi irin nai a ƙasar nan."

Shi ya sa nake roƙonku, ku masu karanta wannan, a Faransa kuke ko a gida ko a Najeriya. Ban faɗi sunan gari ko na gidan mai gari ba, kuma ba zan faɗa ba, amma wanda ya san labarin ya riga ya gane shi. Mutum ba ɗaya ba ne ya tsaya a filin nan. Akwai 'yan wasa goma ban da gola. Kawu yana ce wa kyaftin ɗinsu Bawan Allah, ɗan wani mai sayar da gishiri ne, an ce daga baya ya zama malamin asibiti. Akwai tagwaye masu tsaron baya da ake ce wa Ƙofa da Sakata. Akwai masu kalangu, akwai 'yan kolej ɗin yamma da suka sha kashi, akwai matan da suka sayar da ruwa. In ɗayansu yana raye, ku kai masa wannan ku karanta masa da ƙarfi. In sun rasu, ku tambayi tsofaffin gidanku ko an taɓa ba su labarin yaron da aka kira sau uku ya ƙi fitowa. Ku buɗe akwatunan ƙarfe, wataƙila akwai hoton da hula ba ta rufe fuska ba. Abin da kuka samu ku aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, ko ku tambayi mahaucin Chadi a Guillotière, ya san ƙofata.

Babbar Salla saura wata biyu. In shaidarku ta ce Kawu ne bai faɗi gaskiya ba, ita ma ku aiko. Zan ɗauke ta da kaina in kai Paris, in durƙusa in ba Likita haƙuri gaban matarsa. Amma sai na ji daga bakin wanda ya tsaya a filin, ko wanda ya ji daga gare shi. Takarda ta riga ta yi magana shekara saba'in, kuma na san wanda ya gaya mata abin da za ta ce.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya ji ƙan kakana, ya ji ƙan mai sunan da aka ara, wanda shi ma yaro ne ba a tambaye shi ba. Ina jiran ku.